Kowace Kalma da Mudunta

Haladu ɗan Maikano ne ya kawo akwatin nan garin Wudil, ranar wata Alhamis, a shekarar da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji. Daga Ikko ya taho da shi cikin motar shanu da ta dawo ba kaya, yana rungume da shi a cinya tun daga can. Kafin a kira La'asar labari ya isa bakin gada, inda Wali mai batir yake da shago.

Wali Bazazzagi ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a sashen wuta na reluwe a Zariya, sannan ya bar aiki ya biyo matarsa Nana garinsu. Nana ta rasu. 'Yarsu ɗaya, Murja, tana aure a Gusau, sai da Sallah ake ganin wasiƙarta. Shi kuwa ya zauna a Wudil, don bai ga dalilin tashi ba. Yana cajin batir, yana naɗin koyil, yana ta da injin ban ruwa idan ya ƙi. Bai yi boko ba. Ya san lamba, ya kuma san alamu uku da ke fuskar mitarsa: mai kama da bakin gwafa, mai kama da jinkar ɗaki, da mai kama da kofaton jaki. Bolt, amfiya, om. Wanda ya koya masa aiki wani ɗan Saliyo ne mai gurɓatacciyar Hausa, kuma abu ɗaya ya bar masa da ya fi mitar daraja. Ya ce duk kalmar da aka faɗa maka a wannan sana'a, ka tambayi mudunta. Gero yana da mudu, bolt ma yana da mudu. Wadda ba ta da mudu, a bar ta a ƙofar shago.

Aboki ɗaya gare shi a garin, Maikano, tsohon dillalin shanu a kara. Kullum bayan La'asar Maikano zai sa a shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, Wali ya rufe shago ya zo. Goro ɗaya suke rabawa biyu. Maikano ya kira shi bawan Kanawa, shi ya ce Bakano ba ya gane gaskiya ko ta taka masa ƙafa. Daga nan sau da yawa sai su yi shiru har Magariba. Shekara goma sha tara ana haka.

Ran da akwatin ya zo, Wali ya tarar tabarma ta cika. Maikano na zaune ya miƙe ƙafafunsa, waɗanda shekara huɗu ke nan gwiwoyinsu suna kumbure, har sallah a zaune yake yi. An sa masa awarwaron tagulla a kowace ƙafa, da waya daga kowanne zuwa akwatin. Akwatin baƙi ne, girmansa kamar rediyo mai batir shida. Akwai jan ƙwan fitila a samansa, da mamurɗi, da gilashi mai allura irin ta mita. Haladu ya murɗa, ƙwan ya kama, allura ta tashi ta kwanta dama. Mutane suka yi salati ƙasa-ƙasa.

Haladu ya gai da Wali har ƙasa, ya tambayi gajiya da aiki da labarin Murja. Mutum ne mai ladabi, ɗan shekara talatin, ya yi aikin akawu a bakin jirgin ruwa shekara bakwai bai zo gida ba. Ya ɗauko takardar da aka haɗo da akwatin, yana karantawa da Turanci yana juyawa da Hausa. Ya ce jikin ɗan Adam yana da bolt nasa. Ya ce ciwo ba komai ba ne illa firikwansin jini ya karkace. Akwatin yana tura ilektiron da igiyar atam, yana zuƙo ƙarfin rai daga sararin samaniya. A cikinsa kuma akwai mayen ƙarfe, wanda ke jawo cuta, tunda likitoci ma sun yarda akwai ƙarfe a jini.

Da aka ambaci maye kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda bai san aikin maye ba. In mayen mutane yana kama kurwa daga nesa, me zai hana na ƙarfe kama ciwon gwiwa?

Wali yana jin kalmomin yana jin wani abu a ƙirjinsa, irin wanda mutum ke ji in ya ga rigarsa a jikin wani a kasuwa. Bolt nasa ne. Firikwansi nasa ne, ya san shi a jikin janareto, hamsin cikin sakan guda, in ya sauka fitila ta yi ta ƙyafta ido.

"Haladu," ya ce, "firikwansin jinin nawa ne?"

"Na'am, Baba?"

"Na lafiyayye nawa, na mai ciwo nawa?"

Haladu ya duba takarda gaba da baya. Ya ce ba su rubuta lamba ba, amma ilimin nan sabo ne, ya ɗan wuce na batirin motar katako. Ya faɗa yana murmushi, ba da raini ba. Aka yi dariya. Maikano ya ce a ƙyale Bazazzagi, haushi yake ji an kawo injin da bai taɓa kwancewa ba. Aka ƙara dariya. Ran nan goro a faranti aka zaga da shi, kowa ya ɗauka. Wali ya ɗauki ɗaya ya sa a aljihu.

Lokacin kuwa abin mamaki ba ya ba kowa mamaki. Masinjan ofis ya sayi babur. Tireloli na ta ƙetare gada da siminti dare da rana. An ce a Kano akwai akwatin da ake ganin mutum yana magana a ciki, wasu ma sun gani da idonsu. Wanda ya ga wannan, don me zai musa akwatin Haladu? Cikin mako biyu mutanen Utai da Darki suka fara zuwa a kan kekuna, da masu ciwon baya, da tsofaffin da aka goyo. Maikano ya ce gwiwarsa ta yi sauƙi. Har ya yi raka'a biyu a tsaye, gari ya ɗauka.

Wali bai daina zuwa ba. Yakan zauna a bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. Maikano yana can tsakiya yana ba baƙi labarin raka'a biyun, fuskarsa na sheƙi kamar ta ango. Wani lokaci sai an kusa tashi yake lura da Wali, ya ɗaga masa hannu. Daga baya Wali ya koma zama a shago har Magariba. Yana kallon kogi ya cika ya kawo, masunta na ja da komarsu, batura na tafasa a hankali a layi. Ba mai ce masa bawan Kanawa.

Abin da ya dame shi bai tsaya ga tabarma ba. Cikin kalmomin takardar akwai waɗanda bai sani ba, kuma shi ba ya ƙaryata abin da bai auna ba. Ya riƙe su a ka, kamar yadda yake riƙe launin wayoyi.

Akwai wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, Malam Halliru, da ke kawo batirin babur ɗinsa. Sa'an Murja ne. Wali bai taɓa tambayar na ƙasa da shi komai ba a kan wuta. Ran da malamin ya zo, Wali ya daɗe yana goge kan batirin da ya riga ya goge. Can, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce akwai wasu kalmomi da yake so a sheƙe masa, a fid da tsaba daga ƙaiƙayi.

Malam Halliru ya zauna a kan benci. Wali ya fara jero su.

Atam, malamin ya ce gaskiya ne, an san nauyinsa, an san girmansa. Igiyar atam kuwa, yadda takardar ta faɗa, bai taɓa gamuwa da ita ba. Firikwansi gaskiya ne, amma sai an ce na mene ne, sau nawa cikin sakan. Zuciya tana da bugu, ana ƙirga shi a wuyan hannu. Jini ba shi da wani firikwansi da ke karkacewa. Ƙarfin rai daga sararin samaniya, ya ce wannan ba ya cikin littafin kowa, ba shi da ma'auni, ba shi da na'urar da ke nuna shi. Bolt a jikin mutum akwai, ɗan mitsitsi, a asibiti ana auna na zuciya, sai dai ba a cika shi kamar batir.

"Ilektiron fa?" in ji Wali. Wannan ya fi tsana. Sunan ya yi masa kama da na maganin tari.

Malamin ya yi dariya. "Baba, ai shi kake turawa cikin waya tun ba a haife ni ba. Amfiyar da kake aunawa, yawansu ne da ke wucewa."

Wali ya ajiye tsumma. Ya sa aka maimaita masa. Ya tambaya ko an san yawansu cikin amfiya guda. Malamin ya ɗauki gawayi ya rubuta shida a bango, ya bi ta da sifiri goma sha takwas, ya ce kusan haka, cikin kowane sakan. Wali ya tsaya gaban bangon yana bin sifirin da yatsa. Shekara arba'in yana kiwon dabbar da bai san sunanta ba, har ya so korarta daga ƙofar shago. Bai ji daɗi ba. Amma tana da mudu, ga shi a bango, don haka ya karɓe ta.

Ya tambayi ƙarfen jini. Malamin ya ce akwai shi, amma ba irin wanda maye ke ja ba ne. Da ya tafi, Wali ya ɗauko mayen tsohuwar lasifika, wanda ke ɗaga sifana. Ya soki babban yatsansa da bakin waya, ya ɗiga jini a kan gilashi, ya kawo mayen kusa, har ya kusa taɓawa. Jinin bai motsa ba. Ya kawo ƙusa, ta yi tsalle ta manne. Ya tsotse yatsansa ya koma aiki. Ba wanda zai gaya wa.

A mako na biyar akwatin ya mutu. Jan ƙwan ya ƙi kamawa ana tsakiyar yi wa wata tsohuwa daga Kausani magani. Duk Wudil mutum ɗaya ne zai iya buɗe shi. Haladu ya kawo shi shagon Wali da kansa ranar Alhamis da hantsi, a naɗe cikin bargo, ya durƙusa ya ce Baba a taimaka, gobe kasuwa, mutane za su zo da yawa. Idonsa ya faɗa. Duk abin da ya tara a Ikko yana cikin bargon nan.

Wali ya jira Haladu ya tafi, sannan ya kwance ƙusoshi huɗu ya ɗaga murfi.

Batir biyu ne irin na tocila. Waya ɗaya ta tafi ƙwan, ita ce ta tsinke. Ya narka dalma ya liƙe ta, ƙwan ya kama. Wannan aikin minti biyu ne. Sai ya bi wayoyin awarwaron da yatsa. Sun shigo ta huda, an ƙulle su kamar igiyar guga don kada su zare, an ɗiga musu ƙaro. Iyakarsu ke nan. Ba su taɓa batir ba, ba su taɓa komai ba. Mayen ƙarfen yana gefe, ɗan ƙarami kamar ƙwallon dabino, an manne shi a katako shi kaɗai. Ya duba allurar. Bayanta ba koyil, ba waya. Wani siririn zare ne ya haɗa ta da mamurɗin. Ka murɗa, zare ya ja, allura ta tashi.

Ya daɗe yana kallon zaren. Duk rayuwarsa allura ce abu ɗaya da bai taɓa kamawa da ƙarya ba. Direba zai rantse batirinsa sabo ne, allura ta ce a'a, magana ta ƙare. Ga wani can a wata ƙasa ya zauna ya ɗaura mata zare a wuya.

Duk da haka ya ɗauko tasa mitar ya ɗora a kan awarwaron, ya murɗa akwatin har ƙarshe. Ya gwada a bakin gwafa, ya gwada a jinka. Allurarsa tana kwance a sifiri. Ya mayar da murfi ya ɗaure ƙusoshin.

Washegari da sassafe ya saɓa akwatin ya nufi gidan Maikano. Garin ya riga ya cika da kukan shanu da ƙurar garken da ake korawa kara. A gindin tsamiya mutane sun fi talatin, wasu a zaune, wasu a kwance. Da suka gan shi suka buɗa hanya. Ya ji wani yana cewa ga Wali nan, shi ya buɗe, yanzu za a ji. Ashe tun jiya magana ke yawo, cewa in injin gaskiya ne me ya sa ya mutu, kuma me ya sa mai batir bai taɓa sa awarwaron ba.

Maikano yana zaure shi kaɗai. Haladu ya shiga cikin gida ɗauko benci. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta waɗanda suka kwana biyu ba su zauna ba. Wali ya tambayi ƙafa. Maikano ya ce da sauƙi, amma Wali ya ga gwiwar ta fi da kumburi, fatar har tana ƙyalli.

Ya ajiye akwatin tsakaninsu ya kwance murfin. Bai yi dogon bayani ba. Ya nuna ƙullin, ya nuna zaren, ya murɗa don Maikano ya ga yadda ake jan allurar. Maikano ya leƙa sau ɗaya ya kau da kai. Bai yi mamaki ba. Wali ya lura da haka, abin ya fi zaren yi masa ciwo.

"Ka sani," in ji Wali.

"Ban san zare ba. Na san ƙafata." Maikano ya shafa gwiwar. "Raka'a biyun nan, kwana uku na yi ban runtsa ba bayansu."

"To don me?"

Maikano ya dubi ƙofar cikin gida, ya rage murya. Ya ce yaron bai sani ba, da zuciya ɗaya ya saya. Shekara bakwai yana Ikko, uwarsa ta mutu bai ga gawarta ba. Yanzu ga shi yana kwana a gidan ubansa, yana zuba masa ruwan alwala. Har an fara maganar nema masa 'yar Bilya mahauci. In akwatin nan ya faɗi, kunya ba za ta bar shi ya kwana uku a Wudil ba, kuma wannan karon ba zai dawo ba.

Wali ya ce akwai tsohuwa a waje da aka ɗauko daga Kausani a kan jaki, wadda ya kamata a ce tana asibiti.

"Asibitin ya warkar da ni ne?" in ji Maikano. "Ka ji, Bazazzagi. Ban ce ka yi ƙarya ba. Ni dillali ne, shekara arba'in ban taɓa cewa saniya tana da ciki alhali ba ta da shi ba. Cewa nake yi, ta kwana garke ɗaya da bijimi. Akwai batir a cikin abin nan ko babu?"

"Akwai."

"Batir wuta ne ko ba wuta ba?"

"Bolt uku. Na ƙwan ne."

"To ka fita ka ce, na buɗe na gani, akwai wuta a ciki. Kalma takwas. Ko alƙali ba zai kama ka ba."

Wali ya dubi batiran nan biyu. Maganar tana da mudu, wannan gaskiya ne. Bolt uku, zai iya nuna wa kowa a mita. Amma ya san abin da mutanen gindin tsamiya za su ji, kuma ba bolt uku za su ji ba. Za su ji Wali, wanda allurarsa ba ta ƙarya, ya ce su ci gaba da ɗauko tsofaffinsu. Zai zama shi ne zaren.

Maikano ya ce, "Kai ka saba zama kai kaɗai. Ni ban iya ba."

Wali kuwa bai saba ba. Ya tuna shagon da La'asar, da batura na tafasa, da sifiri goma sha takwas a bango da har yau bai sami wanda zai nuna wa ba. Da ma ya yi niyyar in abin nan ya lafa ya kawo Maikano ya gani, ya ji irin baƙar maganar da Bakano zai yi a kai.

Aka ji Haladu yana jan benci a tsakar gida, yana tambaya ko Baba Wali ya iso. A waje wani ya yi tari mai tsawo.

Maikano ya laluba aljihu ya fito da goro fari guda ɗaya. Ya sa farce ya raba shi biyu, kamar kullum, ya miƙo rabin. 

"Karɓi mu fita. In ka faɗa, yau da La'asar na kori kowa, tabarma ni da kai. In kuwa ka fita ka tona yaron nan a gaban mutane, ko ka yi shiru su gane, to ka san ba ni da fuskar da zan sake shimfiɗa maka ita."

Wali ya dubi rabin goron. Ya dubi hannun da ke riƙe da shi, hannun da ya kama masa makarar Nana. Sannan ya ɗauki sukurdirebansa ya sa a aljihu, ya bar murfin akwatin a buɗe, ya dafa bango ya miƙe.

"Ba zan faɗi maganar da ka ba ni ba, Maikano."